Kati ya riga ni isa wurin Baffa, yanzu ya ce ba ya zuwa ɗaurin auren

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 31, ina aure a unguwar Zariya a nan Maradi. Saura sati biyar a aurar da ƙanwata, kuma ni aka ɗora wa hidimar katin gayyata. Mahaifinmu ya rasu tana da shekara bakwai. Bayan Inna ta fita takaba ta sake aure, mijinta ya riƙe ƙanwata kamar ɗiyar cikinsa. Shi ya biya mata makaranta, shi ya yi jinyarta, yanzu ma shi ke haɗa kayan ɗaki. Baba muke ce masa. Muna da Baffa a Tibiri, ƙanen mahaifinmu, kuma wurinsa dangin ango suka kai gaisuwa, amma gaskiya ba ya yawan leƙo mu. Ba mu da ɗan'uwa namiji.

Na je wurin mai buga kati ya tsara mini samfuri. Na sa sunan Baba a sama a gefen amarya, na kuma haɗa sunan ƙanwata da nasa, yadda ƙawayenta suka san ta. Sai na tura hoton a zauren dangi na WhatsApp don a duba mini kuskure. Wani yaro ya nuna wa Baffa. Washegari ya aiko cewa tunda mun sami uba, mu ɗaura aurenmu, shi ba ya zuwa. Inna sai kuka take, Baba kuwa ya yi shiru bai ce uffan ba.

Ga kuma sauran matsaloli. Dangin ango suna so a rubuta katin da Faransanci, alhali muna da dangi a Katsina da Jibiya da ba sa jin sa. Kuɗin hannuna na kati 150 ne, sunayen da aka ba ni sun haura 400. Wasu na cewa in bar wahala in tura wa kowa ta waya. Ki taimake ni da shawara.

Yayar amarya, Maradi

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya sanya alheri a wannan aure, ya jiƙan mahaifinku, ya saka wa mutumin da ya riƙe marainiya da mafificin sakamako. Ki share hawayenki tukuna. Abin da ya sa hannunki ya rubuta sunan Baba a sama halacci ne, kuma mai halacci ba ta cancanci zagi ba. Sai dai kin yi kuskure biyu, kuma gara in faɗa miki su a fili domin kowanne da maganinsa. Kin jingina ƙanwarki ga wanda ba shi ya haife ta ba, sannan kin bar takarda ta riga ƙafarki isa Tibiri. Na biyun ne ya fi yi wa Baffa ciwo.

Ki duba abin ta wajensa. Dattijo ne da aka kawo wa gaisuwa, ya karɓa a madadin yayansa da ke kwance a kabari. Yana zaune a ƙofar gida yaro ya miƙo masa waya, ya ga an cire sunan gidansu daga kan ɗiyar yayansa, kuma dangi kaf sun riga shi gani. Idon jama'ar nan shi ne ya ƙona shi. Rashin leƙo ku da yake yi ban wanke shi ba, laifi ne, amma maganar wata rana ce, ba ta satin buki ba. A addini ma yana da hujja a hannu. Allah ya ce a Suratul Ahzab, aya ta 5, a kira ƴaƴa da sunan ubanninsu, don haka sunan amarya a kati dole ya tafi da na marigayi mahaifinta, ko da ƙawayenta ba su saba jin sa ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi kuma, waliccin aure yana bin dangin uba ne, na kusa kafin na nesa. Tunda ba ku da ɗan'uwa namiji, idan kakanku na wajen uba ba ya raye, Baffa ne waliyyi. Limamin unguwarku zai tabbatar miki da wannan cikin minti biyar.

Amma kada ki fara da Tibiri. Ki fara da Baba, yau da dare in da hali. Shirun da ya yi ba na rashin damuwa ba ne. Mutum ne da ya yi shekaru yana hidima ba tare da ya nemi a yaba masa ba, yanzu ga shi ana iya cewa a gari shi ya sa a ture dangin marigayi. Wannan zargi ya fi masa nauyi a kan rashin ganin sunansa a sama. Ki durƙusa ki ce masa ke kika tsara katin da kanki, bai sani ba, kuma kina neman izininsa ki je ki gyara. Ki gaya masa sarai cewa sunansa ba zai fita daga katin ba, wurinsa ne kawai zai sauya. Mafi yawan maza irinsa su ne za su ce miki, “Ai da kin tambaye ni da ban bari ba.” Inna kuma ki cire ta daga tsakiya gaba ɗaya. Tana tsakanin mijin da take zaune da shi da dangin uban ƴaƴanta, duk gefen da ta karkata za a riƙe ta da shi har bayan buki. Kada ki aike ta, kada ki sa ta buga waya. Amarya ma ki gaya mata a taƙaice cewa ana gyarawa, ki hana ta da ƙawayenta mayar da magana a waya.

Tun kafin gari ya waye ki goge hoton daga zauren dangi, ki rubuta layi guda cewa samfuri ne, akwai kuskure, kada kowa ya ƙara turawa. Ki kira mai buga katin ya dakata.

Cikin kwana biyu a je Tibiri. Tafiyar ba ta da nisa, saboda haka babu uzurin a yi ta ta waya. Kada ki je ke kaɗai, domin ke ɗiya ce, kuma akwai maganar da ɗiya ba ta iya faɗa wa uba. Ki sami gwaggonku, ko wani aminin marigayi da Baffa ke jin nauyinsa. In Baba da kansa ya yarda ya shiga tafiyar, to magana ta kusa mutuwa, domin da wuya dattijo ya ga wanda ya riƙe masa ɗiya shekara da shekaru ya tako har ƙofarsa ya ci gaba da fushi. Ku riƙe goro, ƙwarya guda in da hali, ko rabi, da dabino. Ku je da yamma bayan La'asar, ba da tsakar rana ba. Da kin gaishe shi ki ce kin yi kuskure, ƙuruciya ce, ya yafe. Kada ki kawo hujja ko ɗaya. Kalmar “ai ba ka leƙo mu” tana bakinki, na sani, ki haɗiye ta. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle ƙanen uba. In ya yi faɗa ki bar shi ya gama. Sannan ki fito da farar takarda da biro ki ce kin zo ya faɗa miki sunayen da za a sa a gefen gidanku, da inda yake so a ɗaura auren, da lokacin. Wannan farar takarda ita ce ainihin ban-haƙurin, domin ta mayar masa da abin da yake jin an ƙwace.

Maganar wurin ɗaurin aure ki tabbata an yanke ta a wannan zaman, saboda ba a buga kati sai da ita. Ko dai a ɗaura a Tibiri a ƙofar babban gida, ko Baffa ya zo Maradi ya yi walicci a ƙofar gidan Baba inda yarinya ta tashi. Akwai hanya ta uku da dattawa ke bi don girmama mariƙi: waliyyi ya wakilta shi ya ba da auren a gaban jama'a. Wannan kyauta ce da Baffa kaɗai zai iya yi don ransa, ke kada ki roƙa, sai dai dattijon da ya raka ki ya yi masa hannunka-mai-sanda. In kuwa ya ƙi sauka a zuwan farko, ku ba shi kwana biyu ku koma da limaminsa. In har ya kafe, liman zai nuna muku yadda waliccin zai kasance, ke kuma sai ki rubuta “Iyalan marigayi Malam Wane a Tibiri da Maradi” ki tsaya nan. Ba a buga sunan mutum a matsayin mai gayyata ba da yardarsa ba. Shi kuma duk da haka a kai masa katinsa da goronsa har gida.

Yanzu ga katin kansa. Al'adarmu ta nan Nijar ta jera iyalai a gefe biyu, na ango a ɗaya, na amarya a ɗaya, ita ce za ta fid da ke, domin akwai wurin kowa. A gefenku ki fara da babban gida, wato iyalan kakanku na wajen uba, sai iyalan marigayi mahaifinku, sai Baffa, sai iyalan Baba a Maradi, sai gidan su Inna. In a ƙofar Baba za a shafa Fatiha, sunansa zai sake fitowa a ƙasa a wurin da kowa ke dubawa, kin ga ya fito sau biyu. Ki tsaya a layi biyar ko shida. Duk sunan da kika ƙara bayan haka, kin haifar da mutum uku da za su ce don me ba a sa nasu ba. Maganin wannan shi ne a ambaci tushen gida a ce “da zuriyarsa a Tibiri, Maradi, Katsina da Jibiya”, kowa ya ga kansa a ciki. Ki nemi jerin dangin ango daga bakin babbansu, a rubuce, ba daga bakin ango ba, kuma ki daidaita tsawon gefen biyu, kada ɗaya ya yi layi goma sha biyu ɗaya ya yi huɗu.

Laƙabi wuri ne da ake yawan tuntuɓe. Wanda ya je Makka a sa masa Alhaji ko Hajiya, malami a sa masa Malam ko Liman, mai sarauta kada a bar sarautarsa. Wanda ya rasu a sa “marigayi” a gaban sunansa, kuma ki bi jerin sau biyu kan wannan kalma kaɗai, domin manta ta ciwo ne ga iyalinsa, sa ta a kan mai rai kuwa ya fi muni. Rubutun suna ki bi yadda mai shi ke rubutawa. Na Maradi zai rubuta Ousmane da Moussa, ɗan'uwansa na Katsina ya rubuta Usman da Musa, kowa a bar masa nasa.

Rana ki rubuta ta da sunanta da lambarta da watanta da shekara, misali Asabar kaza ga wata kaza, kuma ki buɗe kalanda ki ga sunan ranar da lambar sun dace. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne sa a sake bugu. In za ki ƙara kwanan watan Musulunci, ki sa shi da ƙananan baƙaƙe a ƙasa, kada ya zama abin dogaro, saboda ya danganta da ganin wata, kuma Nijar da Najeriya sukan saɓa da kwana guda. Lokaci kada ki tsaya a “16h” kawai. Mu mun saba da shi, na Katsina ba su saba ba. Ki rubuta ƙarfe 4 na yamma, bayan sallar La'asar. Agogon ƙasashen biyu ɗaya ne, don haka babu ruɗu ta nan. Wuri kuma a Maradi da alama ake gane shi: sunan unguwa, sunan mai gida, da abin da ke kusa, masallaci ko makaranta ko famfo. Ki sa lambar waya biyu ta maza waɗanda za su ɗauka ranar buki, da +227 a gaba saboda masu kira daga Najeriya. Lambar amarya da hotonta kada su hau katin. Kati yana yawo hannu da hannu, hotonsa kuma yana shiga wayoyin da ba ki san masu su ba.

Akwai abin da nake so ki yi tunani a kai sosai. Masu buga kati sukan sa Bisimilla da Larabci a sama, da aya ta 21 ta Suratur Rum, domin yana ƙawata takarda. Amma ki tuna inda kati ke ƙarewa bayan buki: ƙasan kujera, hannun yara, bola, wani lokaci a ƙulla ƙuli-ƙuli a ciki. Ayar Alƙur'ani ba ta dace da wannan makoma ba. Ki wadatu da “cikin yardar Allah” da addu'a gajera ta Hausa a ƙasa, kamar Allah ya ba da ikon zuwa. In dangin ango sun nace sai an sa Larabci, a ba malami ya duba samfurin, saboda wasu kwamfutoci suna rarraba haruffan Larabci ko su juya su baibai, mai bugun kuma in bai iya karatunsa ba, ba zai lura ba.

Batun harshe ba ya buƙatar jayayya. Kati yana da fuska biyu: Hausa a ɗaya, Faransanci a ɗaya. Bugun gaba da baya ya ɗan fi tsada, amma bai kai buga kati iri biyu ba. Dangin ango suna da abokan aiki da suka saba da Faransanci, buƙatarsu gaskiya ce. Taku ma gaskiya ce, kuma tun 2025 Hausa ce aka ayyana harshen ƙasa a Nijar, don haka ba wanda zai ce katin Hausa ƙasƙanci ne. A gidaje da yawa ma ango ne ke buga kati ya ba gidan amarya kasonsu. Ki sa mijinki ko Baba ya tuntuɓe su a haɗa kuɗi a yi bugu ɗaya, domin yawan adadi yana rage kuɗin kowane kati, kuma yana hana a sami kati biyu masu lokaci biyu.

A wurin mai bugu, ki nemi takarda mai kauri, giram 250 zuwa 300. Ta kwafi ta yau da kullum giram 80 ce, tana lanƙwashewa a aljihu. Girman A5, wato rabin takardar kwafi, ya isa jerin iyalai, ambulan ɗinsa C5. In kuɗi ya matse, A6 da ambulan C6 ma ya yi, sai dai a rage rubutu. Rubutun zinariya mai lanƙwasa a kan takarda ruwan madara yana da kyau a fuskar kwamfuta, amma tsoho ba ya iya karanta shi. A bar adon ga sunan ango da amarya, rana da wuri a yi su da baƙi, manya, a miƙe. Ki duba haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, domin salon rubutu da yawa ba su da su, sai ki ga ɗan akwati ya fito a tsakiyar “ɗaurin aure”, ko ƙugiyar ta ɓace. Ki tambaya ko injinsa na tawadar ruwa ne ko na leza. Tawadar ruwa tana zuba in gumi ko yayyafi ya taɓa ta, abin lura ne in bukin ya faɗo cikin damina.

Kada ki amince da samfurin da kika gani a waya. A buga miki ƙwaya ɗaya a kan ainihin takardar, ki kai gida mutum uku su karanta, ɗaya daga cikinsu na gidan ango, ɗaya kuma wanda bai taɓa ganin rubutun ba, domin idon da ya saba da rubutu yana tsallake kuskure. Ki danna lambobin wayar daga kan katin ki ji wa ya ɗauka. Wannan ƙwaya ɗayar ita za a kai wa Baffa da Baba su gani da idonsu kafin inji ya tashi. Sannan ki sa hannu a bayanta, ki ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran sai kin ƙirga kayanki. Ki faɗa masa ranar karɓa da ta riga ainihin buƙatarki da kwana uku ko huɗu, saboda ɗaukewar wuta, kuma in lokacin kaka ne ko gab da azumi, aure yana yawa, aiki yana cushe musu.

Sunaye 400 da kati 150 ba su kai abin tsoro ba. Kin ƙirga kawuna ne, alhali gida ake ƙirgawa. Ki zauna da Inna da gwaggo ku mayar da jerin gida-gida, za ki ga ya ragu ƙwarai. Ki ware kati goma sha biyar ki ɓoye, domin ba makawa za a tuna da wasu a satin ƙarshe. Abin da ya rage ki fara da dattawan dangin uba da na uwa, surukanki, liman, mai unguwa, aminan marigayi, da abokan arzikin Baba. Ƙawayen amarya da matasan dangi waya ta ishe su, su ma sun fi son haka. A babban katin ki sa ɗaurin aure kawai. Kamu da wuni da walima ki yi musu ƙaramar takarda dabam wadda mata za su raba wa mata, adadin da tukunyarku za ta iya ɗauka. In kika buga walima a katin kowa, za ki dafa na mutum ɗari, ɗari huɗu su zo, a tashi da jin kunya. Sai dai a wannan zaɓen ki tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Gwaggon da ba ta da abin gudummawa da maƙwabciyar da ba za ta iya yin anko ba, sunansu ya riga na masu mota shiga jerin.

Masu ce miki ki tura wa kowa ta waya sun manta cewa zumunta a ƙafa take. Tun kafin a san kati, da goro ake gayyata, shi ya sa har yau muke cewa goron gayyata. Ga dattijo, zuwanki da gaisuwarki su ne gayyatar, katin abin tuna rana ne da za a soke a jikin bango ko a sa cikin littafi. Saboda haka duk wanda ya girmi Inna a dangi, a je masa. Ki rubuta sunansa da laƙabinsa a kan ambulan da hannu, da biro baƙi ko shuɗi, ki ƙara “da iyalinsa”. A miƙa da hannu biyu bayan an gama gaisuwa, da ƴan goro ko alawa a kai. Ba a ba babba kati a kan hanya, ko a wurin zaman makoki, ko a aiko ƙaramin yaro ya jefa a zaure ya gudu. Maza su kai wa maza, mata su kai wa mata. Wannan yana da muhimmanci a gidan da ke da mata biyu ko uku: katin mai gida bai gayyaci matansa ba. Ki shiga ciki, ki fara da ɗakin uwargida, ki bi kowane ɗaki ki faɗa da bakinki. In kika gaya wa ɗaya ta gaya wa sauran, kin gayyaci ɗaya ke nan. Ƴan kasuwa kada ki neme su Litinin da Juma'a, ranakun cin kasuwar Maradi, hankalinsu ba ya tare da ke, katin zai ɓace cikin takardun shago.

Gidan da aka yi rasuwa kwanan nan a fara yi musu ta'aziyya, a koma wata rana da maganar buki. Matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma, a sanar da ita don girmamawa da neman addu'arta, a nuna mata an san ba za ta fito ba. Maƙwabtan da rumfa da kujeru za su tare wa ƙofa, Baba ya taka ya gaya musu da kansa. Liman kuma a roƙe shi ya sanar a masallacin unguwa bayan salla ana saura kwana biyu ko uku.

Ga yadda sati biyar ɗinki za su ishe ki. Na farko na Tibiri ne da daidaita sunaye. Na biyu na bugu. Ana saura sati uku katin na nesa ya tashi: Yamai, Damagaram, Tawa, Katsina, Jibiya. Yamai ta fi kilomita 600 daga nan, mai zuwa yana buƙatar neman izini a wurin aiki da tanadin kuɗin mota. A kowane gari ki zaɓi mutum ɗaya amintacce, ki rubuta sunayen a kan ambulan tun daga nan, ki ƙulle su cikin leda, ki ba motar safa, ki kira shi ki faɗa masa motar da ranar isarta. Bayan kwana uku ki kira mutum biyu cikin jerin ki ji ko ya isa hannunsu. Manyan da ke can ki kira su da kanki tun kafin katin ya isa, ki faɗa musu inda aka tanadar musu masauki. Na cikin gari da Tibiri da Madarunfa a raba ana saura sati biyu zuwa kwana goma. Wanda aka kai wa ana jibi buki ya san fita hakki aka yi. Ki riƙe ƙaramin littafi: sunan gida, wanda ya kai, ranar da ya kai. Idan daga baya wani ya ce ba a gaya masa ba, za ki san inda igiyar ta tsinke.

WhatsApp yana da wurinsa, amma a ƙarshe. Sai katin manya ya isa hannunsu sannan hotonsa ya shiga waya, kuma sai kin gama tura wa mutane ɗaya bayan ɗaya sannan amarya ta ɗora a inda kowa ke gani. Kowane saƙo ki fara shi da sunan mutumin da gaisuwa. Wadda ba ta karatu ki yi mata saƙon murya, ki faɗi rana da lokaci da wuri a hankali, sau biyu. Baƙin da ba su san gari ba ki tura musu alamar taswirar gidan ana gobe.

In wani abu ya gitta aka ɗaga ranar bayan kati ya fita, kada ki ɓata kuɗi wurin sake bugu. A sanar da Baffa da babban gidan ango da farko, sannan ki buɗe littafin nan naki ku raba sunaye ke da mutum uku ku bi su da kira, liman ya sake sanarwa a masallaci. Ranar da ke rubuce a katin kuma ki sa wani babba ya zauna a ƙofar gidan da tabarma da ruwan sha da goro, domin duk yadda kuka yi, akwai wanda labari bai isa gare shi ba, zai zo daga nesa da babbar rigarsa.